Keken burji ko keken hawan dutse mai taya 26: wanne ya dace da hanyoyin karkara da babu motoci?

Ɗan_Burtali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan tafiyar keke ce ta kilomita 60 zuwa 80 a yini ɗaya, ba a kan kwalta ba, a bi burji da burtali da hanyoyin gona inda mota ba ta takura wa mutum. A ɗauka mahayin kilo 70 ne, ƙasar irin ta kudancin Kano, lokacin kuma bayan ɗaukewar ruwa. Shin dole sai an sayi keken nan da Turawa ke kira gravel, wato keken burji, mai lanƙwasasshen kai da taya milimita 40, ko keken hawan dutse na gwanjo mai taya inci 26 zai yi aikin? Na biyu, ina ake samun hanyar da da gaske babu abin hawa? Ni a ganina taya ce komai, saura ado ne. Masana a gyara mini.

MaiSifana: Wa alaikumus salam. Rabin maganarka daidai ne, Malam. Taya ce ta farko, amma giya da birki ba ado ba ne. Abin da ya raba keken burji da keken tsere na kwalta abu uku ne: firam ɗinsa na da sararin ɗaukar taya milimita 38 zuwa 45, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta ɗan fi tsawo don kada ya riƙa rawa a kan tsakuwa, sannan yana da giya mai laushi ta hawa. Keken hawan dutse mai taya 26 yana da duka ukun. Inda ya gaza shi ne nauyi, da kuma kai miƙaƙƙe da ke ba hannu wurin riƙo ɗaya tak. Bayan awa uku tafin hannu zai fara mutuwa. A ɗaura masa ƙahonni biyu a bakin kan, an rage matsalar.

Gwanjo26: Ƙari a kan na MaiSifana, akwai dalilin da ya sa nake fifita 26 a ƙasarmu, wato kayan gyara. Taya da tib na 26 akwai su a kusan kowace kasuwar ƙauye. Na 700, wato girman wilin keken burji, sai birni. Kuma a kula da wani kuskure da ke cin kuɗin mutane: tayar tsohon keken Raleigh da Phoenix da aka rubuta wa 28 x 1½ ba ta shiga wilin 700, ko da wasu tayoyin 700 ɗin ma 28 ake rubuta musu. Ku duba ƙananan lambobin da ke jikin tayar. Ta tsohon keke 635 ce, ta 700 kuwa 622, ta 27.5 ita ce 584, ta 26 kuma 559. Wannan lambar faɗin bakin wili ce a milimita, in ba ta zo ɗaya ba babu dabarar da za ta sa taya ta zauna.

Na_Kan_Dutse: Gwanjo26, na yarda da batun kayan gyara, amma kada a rufe ido a kan shokar gaba. Yawancin kekunan gwanjo masu araha shokarsu ta riga ta mutu, nauyin banza ne na kilo biyu ko fiye, tana kuma cinye ƙarfin feda a wajen hawa. Wanda zai saya ya nemi mai ƙafar gaba ta ƙarfe zalla, marar shoka. A burji iskar taya ce shoka.

Ɗan_Burtali: To iskar nawa ke nan? Masu faci dai bugawa suke har taya ta zama kamar dutse.

MaiSifana: Wannan shi ne babban abin da ke ɓata wa mutane tafiya. Taya mai tauri tsalle take a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, ta gajiyar da ƙugu da kafaɗa, kuma ba ta ƙara gudu. Ga mahayin kilo 70 a taya milimita 40: in tublas ce, wato marar tib, a ma'aunin ƙarfin iska na psi a sa 32 a gaba, 35 a baya. In da tib a ciki, a ƙara kamar 5 a kowace, don kada bakin wili ya datse tib ɗin idan an daki dutse. Alamar irin wannan hudar ramuka biyu ne gefe da gefe kamar saran maciji, in ka gan su to iska ce ta yi kaɗan, ba ƙaya ba ce. A taya 26 x 2.0 mai tib, 30 zuwa 35 ya isa. Mai nauyin kilo 90 ya ƙara 5 zuwa 6. A sayi ƙaramin gejin auna iska, matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne.

Damagaram_Keke: Mu nan da bar muke aunawa. Bar ɗaya psi 14.5 ne, don haka 35 ɗin da MaiSifana ya faɗa bar 2.4 ke nan. Amma a wajenmu rairayi ne matsala, ba tsakuwa ba. Milimita 40 nutsewa take. Daga Damagaram zuwa Maraɗi, haka ma arewacin Jigawa, in an sauka daga babbar hanya sai da taya inci 2.1 zuwa sama, a sauke iska zuwa bar 1.6 ko 1.7. Yadda ake ratsa yashi: a sa giya mai laushi tun kafin a shiga, a ja jiki baya a kan sirdi, kada a daina feda, kada a taɓa birkin gaba, a bar kan keken ya ɗan yi yawonsa. Mai ƙoƙarin juya kai da ƙarfi a cikin yashi shi ke faɗuwa.

Baba_Mai_Faci: Yara, duk kuna maganar iska kun bar abin da zai tsayar da ku. Ƙaya. Burtali shinge ne hagu da dama, kuma da me manomi ke shinge? Da reshen magarya da bagaruwa da aduwa. Ƙayar aduwa doguwa ce, tana ratsa taya ta fito ciki. Wadda ta fi yawan ɓarna kuwa tsidau ce, tana kwance a ƙasa ba a ganinta, taya ɗaya ta kwashi biyar a lokaci guda. Ƙarangiya a safa da ƙafar wando take tsayawa, ba kasafai take huda taya ba. Ku bi tsakiyar sawu inda ƙafa da kofato suka tattake, kada ku bi gefen shinge, kada ku jingine keke a gindin bishiya mai ƙaya don neman inuwa.

Uwar_Tafiya: Baba, Allah ya ƙara girma. Dabarar nan ta shimfiɗa tsohuwar taya a cikin sabuwa tana aiki kuwa?

Baba_Mai_Faci: Tana yi, 'yata. A samu tsohuwar taya da ta suɗe, mai girma ɗaya ko ɗan ƙasa da taki, a yanke bakinta biyu masu waya, a bar tsakiyar kamar ɗamara, a goge gefen yankan da sanfefa don kada ya ci tib. A shimfiɗa ta tsakanin taya da tib. Tsidau ba ta kai wa ga tib ta nan. Aibinta nauyi, keken zai yi wuyar tashi. Doguwar ƙaya kuma da ta shigo ta gefe ba ruwanta da shimfiɗar.

MaiSifana: Shi ya sa masu keken burji suka koma tublas. Ana zuba ruwan toshe huda mai kama da madara, mililita 60 a kowace taya ta milimita 40, 90 zuwa 100 a taya mai inci biyu. Ƙaya ta shiga, ruwan ya bi ramin ya daskare, ana tafiya ba a ma sani ba. Sharuɗɗansa: wili da taya su zama waɗanda aka ƙera don tublas, a naɗe cikin wilin da tef ɗinsa na musamman ya rufe ramukan sifok, a sa bawul mai roba a gindi. Abin da ke lalacewa: a zafinmu ruwan na bushewa cikin wata biyu, wani lokaci ƙasa da haka. A girgiza wili kusa da kunne, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara. Ramin da ya wuce milimita 4 ko 5 ruwa ba ya toshe shi, sai an cusa igiyar faci, irin ta tublas ɗin babur amma siririya. Duk da haka a riƙe tib ɗaya a jaka. Kafin a saka shi a shafa cikin tayar da tsumma a cire duk ƙayoyin da suka taru, in ba haka ba sabon tib ba zai yi minti biyar ba.

Gwanjo26: Ruwan nan ba ko'ina ake samunsa ba, kuma da tsada. Ga mai tib, faci mai kyau ya fi komai. Inda mutane ke kuskure shi ne gaggawa. A kankare wurin da sanfefa ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar har ya daina ƙyalli, sannan a ɗora faci a danne da ƙarfi. In an ɗora a kan ɗanyen sholisho zai ɓalle da zarar taya ta ɗau zafi. Kuma a saba daidaita rubutun taya da bawul, ta haka ramin da ke tib zai nuna inda ƙayar take a taya.

Kura_Kadawa: A dawo kan tambaya ta biyu, ba wanda ya amsa ta. Ɗan_Burtali, gaskiya hanyar da babu abin hawa sam babu ita a karkararmu, domin duk inda keke ya shiga babur na shiga. Abin nema shi ne hanyar da tifa da motocin haya ba sa bi. A kudancin Kano wuri mafi sauƙin farawa shi ne hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwan noman rani da ake sakowa daga dam ɗin Tiga, wajen Kura, Bunkure da Garun Malam. Shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa, ba a ɓata domin magudanar ce jagora, ga ƙauyuka kusa da juna. Abin lura: lokacin kwasar tumatir da shinkafa motoci na shiga har bakin gona, kuma inda ruwa ya ɓalle daga magudana akwai laka ko da rani.

Malam_Taswira: Abu ɗaya da ke sauya komai: ranar kasuwa. Burjin da ke shiru kwana shida, ranar da kasuwar garin ke ci sai ya cika da babura da a-kori-kura tun hantsi, ƙura ta hana ganin gaba. Kafin a tsara hanya a tambayi ranakun kasuwannin da ke kanta. Na biyu, a guji duk burjin da ke kaiwa inda ake ɗibar yashi ko fasa dutse, nan ne tifa ke zirga-zirga. A hoton tauraron ɗan adam ana gane su, hanyar kan yi faɗi da haske ta ƙare a bakin rafi. Tsarin da ke aiki: a zana hanya a kan hoton sama, a adana ta a fayil ɗin GPX, wato fayil ɗin hanya da manhajojin taswira ke karantawa, a sauke taswirar jihar a manhajar OsmAnd ko Organic Maps don ta yi aiki ba intanet. Taswirorin nan ba su da yawancin turbobin ƙafa, don haka a rubuta sunayen ƙauyukan a jere a takarda. Tambayar "ina hanyar gari kaza" ta fi kowace manhaja aiki.

Na_Kan_Dutse: A Filato lissafin daban ne. Jos na sama da mita 1,200 daga matakin teku, tsaunin Shere ya haura 1,800, akwai tsofaffin hanyoyin ma'aikatan haƙar kuza wajen Bukuru da Rayfield. Can batun giya ke fitowa fili. A yi lissafin raba yawan haƙoran faifan gaba da yawan na babban faifan baya, iya ƙanƙantar amsar iya laushin giyar. Keken burji mai faifai ɗaya, 40 gaba da 42 baya, ya ba da 0.95. Mai faifai biyu a gaba, 46 da 30, da 34 a baya, in aka ɗauki ƙaramin ya ba da 0.88. Tsohon keken dutse mai 24 a gaba da 28 a baya ya ba da 0.86, wato ya ma fi su laushi. Duk abin da ya haura 1.0 a hawan tsakuwa, za a sauka a tura, domin in aka miƙe tsaye a kan feda tayar baya sulɓewa take. A zauna a hau. A gangara kuma a gama birki kafin kwana, ba a cikinta ba, fedar waje a ƙasa, nauyi a kanta.

Abban_Yara: Ina ganin ana tsallake maganar tsaro. Shirun hanya ba kullum alheri ba ne. Dazukan Zamfara, Birnin Gwari da yammacin Katsina ba wurin wannan wasa ba ne a halin yanzu, wasu sassan karkarar Filato ma sai an tambayi mutanen wurin. A tafi mutum uku zuwa sama, a bar wa na gida jerin ƙauyuka da lokacin dawowa, a kasance an fito kwalta kafin la'asar sakaliya. In ayari ne babba, a biya a gaida mai unguwa ko dagaci a faɗi inda aka nufa. Baƙon da ya yi sallama ba a yi masa kallon tuhuma.

Kura_Kadawa: Haka ne, Abba. Kuma burtali na shanu ne kafin ya zama na mai keke. Da hantsi da yamma garke ke bi. A sauka, a tsaya gefe guda, keken a tsakaninka da shanun, kada a kaɗa ƙararrawa, kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. A jira makiyayi ya ba da hanya. In burtalin ya tsuke saboda an ci shi da noma, a tura keke, kada a taka kunya ko da an yi girbi, galibi akwai wake ko gyaɗa da suka rage a ƙasa.

SabonShiga: Don Allah wai wannan hawan burjin har gasa ake yi a kansa?

Malam_Taswira: Sosai. Wadda ta fi suna ita ce Unbound Gravel a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mil 200, wato kusan kilomita 320 a yini ɗaya, a kan duwatsu masu kaifi da ke yanka taya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara gasar duniya ta wannan fanni a 2022 a Italiya. A Afirka akwai Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya. Abin da su ke tafiya nesa su nema, mu shi ne hanyar gonarmu.

Uwar_Tafiya: A bar gasa tukuna, a yi maganar ruwa da tufafi. A burji gudun mai matsakaicin ƙarfi kilomita 14 zuwa 18 ne a awa, don haka kilomita 70 awa huɗu zuwa biyar ce ban da hutu. A lissafa mililita 500 zuwa 750 na ruwa kowace awa. Gora biyu a firam ba za su kai ba, sai an san inda za a ƙara, ko a ɗauki lita ɗaya da rabi a jakar firam. Gora ɗaya ta zama ta gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci wani abu kowane minti 45 tun kafin yunwa ta zo, dabino uku ko huɗu, ƙuli-ƙuli, ayaba. Ga mata, doguwar riga da dogon hijabi na iya shiga sarƙa ko sifok ɗin baya, haɗari ne na gaske. A sa wando mai tsukakkiyar ƙafa, riga iya gwiwa, hijabi gajere wanda hular kwano za ta zauna a kansa daram. Maza ma a ɗaure ƙafar wandon dama.

Damagaram_Keke: Lokaci ma. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, a tashi bayan asuba a gama kafin ƙarfe 10. Wanda ya ji ciwon kai da jiri, ko ya ga gumi ya tsaya, ya shiga inuwa ya jiƙa jikinsa, tafiya ta ƙare ke nan. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi, ƙasa ta daddale, yashi bai tashi ba. Da hunturu a lissafa iskar arewa maso gabas: a fara tafiya ana fuskantarta da sauran ƙarfi, a dawo tana tura mutum.

MaiSifana: Hunturu ya tuna mini sarƙa. Kada a zuba mata baƙin mai na inji. Yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa, ya ci sarƙa da haƙoran faifai tare. A wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga man sarƙa marar danƙo ɗigo ɗaya a kowane haɗi, a juya feda baya sau ashirin, a goge na waje tas da tsumma. Man a ciki ake buƙatarsa. A kula kada ya taɓa faifan birki, in ya taɓa birki zai yi ta kuka ba ya kamawa, sai an canza takalman. Awon lalacewa: cikakkun haɗi 12 (kowane cikakken haɗi na ciki da na waje ne tare) na sabuwar sarƙa inci 12 ne daidai daga ƙusa zuwa ƙusa. In ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, kamar milimita ɗaya da rabi, a canza. In aka bari ya ninka haka, faifan baya ma ya tafi.

Na_Kan_Dutse: Gargadar nan mai kama da kunya-kunya da motoci ke bari a burji tana kwance ƙusoshi. Kafin kowace fita a bi da alanki 4 da 5 a kan ƙusoshin kai, sirdi, kariya da maƙalin gora. Na kai kada a ɗaure fiye da kima, galibi Nm 5 aka rubuta a jiki, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin. A kan gargadar a sassauta riƙo, a lanƙwasa gwiwar hannu, a ɗan ɗaga daga sirdi, a nemi gefen da babura suka lallashe.

Baba_Mai_Faci: Ku ƙara da wannan a jaka: ɗan maƙalin da ke mayar da siririn bawul ya zama irin na mota. Famfon mai facin ƙauye ba ya kama siririn bawul. Da mahaɗin sarƙa mai daidai da yawan giyarku, na giya 8 ba ya yi wa 11. Lakar fadama kuma, baƙar nan mai danƙo, in ta fara taruwa a taya ku tsaya ku kankare da itace. Wanda ya ci gaba da feda, lakar za ta ja giyar baya ta shiga sifok, ƙugiyar da ke riƙe ta ta karye. Rafi mai gudu da ya wuce gwiwa kada a shiga. Ruwan da ke kwance kuma a rage tsoma ƙafa, akwai tsargiya.

Ɗan_Burtali: Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, a shimfiɗaɗɗen burji mai tauri keken burji zai fi sauri da sauƙi, a yashi da burtali mai ƙaya kuma 26 mai faɗin taya ya fi. Amma hanyar da nake tsarawa ta haɗa duka biyun.

Gwanjo26: To 26 marar shoka, taya 1.95 mai ƙananan ƙuraje a tsakiya. Kuɗin da ya ragu a sa a geji, famfo da hular kwano.

MaiSifana: Ban yarda gaba ɗaya ba. In kashi biyu cikin uku na hanyar burji ne mai tauri, bambancin kilo uku ko huɗu da wuraren riƙo uku na lanƙwasasshen kai za su bayyana bayan kilomita 50. Akwai kuma tsaka-tsaki: keken burji da wilin 27.5 da taya milimita 47, in firam ɗin na da sarari. A bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da firam ta kowane gefe saboda laka. Ɗan_Burtali, kilomita nawa ne yashi a cikin 70 ɗin, kuma a haɗe yake ko a rarrabe?

Ɗan_Burtali: A hoton sama kamar kilomita 12 ne, a wuri uku, mafi tsawonsu 6 a gefen wani rafi.

Damagaram_Keke: Shida a jere a gefen rafi da yawa ne ga milimita 40, wajen awa ɗaya ta turi ke nan in ƙasa ta bushe. Sake duba hoton, sau da yawa akwai turbar ƙafa a kan tudu nesa kaɗan da gaɓar, inda masu zuwa gona ke bi da damina. In akwai ta, lissafin MaiSifana ya tsaya. In babu, a Nuwamba ma sai da faffaɗar taya.